Biskit mai cuku: wanne ne ya cancanci kuɗinsa a Kaduna?

Jama'a barkanmu da war haka. Yau kan biskit mai cuku zan yi magana, irin mai gishiri-gishirin nan da ake jerawa a supamaket, dan na lura mutane da yawa sun ɗauka duk abu ɗaya ne, da zarar sun ga leda ruwan ɗorawa da hoton cuku a jiki shikenan sai a jefa a kwando, kuma wallahi ba ɗaya bane, bambancinsu a baki ba kaɗan bane, sannan da irin tsadar da kayan waje suka yi tun da aka saki naira a 2023 bai kamata mutum ya zuba kuɗinsa a abin da zai ci guda biyu ya ture ba. Waɗanda zan taɓa su ne TUC, Ritz mai cuku a tsakiya, Cheez-It, Goldfish da Mini Cheddars. TUC da Ritz ba a shan wahalar samunsu a garin nan, sauran kuwa sai sa'a, yau ka gansu a manyan shagunan wajen Isa Kaita ko Barnawa gobe ka koma a ce maka sun ƙare ba a san ranar kawowa ba, wani lokacin sai dai ka ba wanda zai shiga Abuja saƙo ko ɗan uwa ya taho maka da shi daga waje.

Ni dai ma'aunina a irin wannan biskit ɗin gardi ne, ba kalar leda ba kuma ba girman sunan kamfani ba. Duk wanda ya taɓa kankare ƙanzon shinkafa a gindin tukunya ya san abin da nake nufi, ɗanɗanon nan da wuta ke bayarwa idan ta gasa abu ya yi ja amma bai ƙone ba. Cuku in aka kwaɓa shi cikin fulawa aka gasa su tare haka yake yi, ɗanɗanon yana shiga har cikin biskit ɗin, kana taunawa yana ƙara fitowa, ka haɗiye ma yana nan a ganɗarka. Amma in garinsa ne ɗan kaɗan aka sa aka cike da sinadarin ƙamshi, to a hanci zaka ji shi da bakin harshe, kana fara taunawa ya gudu ya barka da fulawa da mai. Da wannan na auna su duka.

Bari in fara da TUC tunda shi aka fi sani. Asalinsa daga Beljiyam ne tun wajen ƙarshen shekarun 1950, yanzu yana hannun Mondelez, kamfanin da ya mallaki Cadbury masu Bournvita da TomTom ɗin da muka taso da su. Dogo ne siriri mai yankakkun kusurwoyi, da ƙananan huji da sunansa a jiki. Wajen sauƙin tauna kam babu wanda ya kamo shi, kana ɗora haƙori yake rugujewa, kafin ka ankara ya narke. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidana, haƙoranta sun yi rauni, duk cikinsu shi kaɗai take karɓa, in na miƙa mata wani sai ta ce "a'a 'yata, ba ni mai laushin nan dai". To ta wannan ɓangaren na ba shi hakkinsa. Amma cukun fa? Gaskiya ƙamshi ne kawai. Kana buɗe ledar zai bugi hancinka ka ce yau za a ci cuku, ka sa a baki gishiri ne zai fara tarbarka, sai wani ɗan zaƙi-zaƙi ya biyo baya, sai maiƙo, cukun kuma ka neme shi ka rasa. In aka rufe min ido aka ba ni TUC na asali da TUC mai cuku zan gane su, amma da hanci zan gane ba da harshe ba. Kuma yana da saurin karyewa, in ka jefa shi a jaka da makulli da caja ka fita, kafin ka isa Kawo daga Tudun Wada rabin fakitin ya zama ɓurɓushi.

Wanda yake son tsoma biskit a shayi kar ma ya fara da shi, yana taɓa ruwan zafi yake saki ya faɗa gindin kofi, sai dai ka ciza ka kora da shayin daga baya.

Ritz mai cuku a tsakiya kuma wani salo ne daban. Shi Ritz tsohon biskit ne, Nabisco ta fito da shi a Amurka a 1934, zagayayye mai ƙunshe-ƙunshen gefe, shi ma yanzu Mondelez ce ke da shi. Biskit ɗin kansa bani da ƙorafi a kansa ko kaɗan, yana da ɗanɗanon bota, yana da laushi mai ɓare-ɓare, gishirinsa daidai. Matsalata da abin da aka shafa a tsakiyar ce. Ka raba guda ɗaya biyu ka lashi kirim ɗin shi kaɗai ka ji, mai ne daskararre da garin cuku da ɗan suga, yana kwanciya a ganɗa ya ƙi tafiya, in ka ci huɗu ko biyar sai ya ginshe ka ka fara neman ruwa. A lokacin zafin Maris da Afrilu kuma in ya zauna a mota ko a shagon da ba esi kirim ɗin sakin jiki yake yi ya jiƙa biskit ɗin ta ciki, sai ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi. Yara dai suna sonsa ba laifi, ƙaramar 'yata buɗewa take yi ta lashe tsakiyar ta ajiye min biskit ɗin, ni kuma dama shi nake so. Amma in maganar cuku ake yi ni ban sa shi a layin gaba ba, ya fi kusa da biskit mai kirim da aka ɗan sa wa gishiri.

Yanzu mu zo kan Cheez-It, dan nan ne zan ɗan daɗe. Wannan biskit ɗin ya haura shekara ɗari, a 1921 aka fara yinsa a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka, wani kamfani Green & Green ya ƙirƙiro shi, daga baya ya bi hannuwa har ya faɗa hannun Kellogg masu konfilas a 2001. Ƙanana ne masu kusurwa huɗu, gefensu da ɗan zigi-zigi, da huji ɗaya tal a tsakiya. Hujin nan ba kwalliya bace, ta nan tururi ke fita lokacin gashi dan kar biskit ɗin ya kumbura ya zama ƙwallo, shi yasa in ka duba da kyau zaka ga tsakiyar ta ɗan lotsa, kewayenta kuma ya ɗan tasa. Ka ɗauki guda ɗaya ka karya shi biyu ka kalli cikin a haske, zaka ga kwaɓin hawa-hawa ne, siraran shimfiɗu da 'yan ramukan iska a tsakaninsu, kalar kuma ta ratsa har ciki ba a sama kawai take ba. Gefunan sun fi tsakiyar duhu, a saman kuma ga ƙwayoyin gishiri kana ganinsu da ido. In ka ciza yana ba da ƙara, ba rugujewa yake yi irin TUC ba, karyewa yake yi, sai ka tauna shi da gaske, kuma a taunawar nan ne abin yake, da farko gishiri, sai ɗan tsami-tsamin cuku ya taso, sai gardin ya biyo ya zauna. Ka haɗiye ka yi shiru zaka ji shi yana nan har wani lokaci. Wannan shi ne abin da nake biyan kuɗi dominsa.

A cikin kwali ɗaya ma ba duka suke gasuwa daidai ba, akwai waɗanda wuta ta fi kamawa sun yi duhu-duhu, su nake tsincewa, kuma ashe ba ni kaɗai bace tunda kamfanin har wani nau'i ya fitar mai suna Extra Toasty wanda aka ƙara wa gashi da gangan. In kun ci karo da shi a shago ku ɗauka, dan ni a bakina ya fi na asalin. Akwai kuma White Cheddar, shi wannan garin cuku ne aka barbaɗa a jikinsa, yana manne wa yatsu, ya fi tsami amma gardinsa bai kai ba, ban cika sonsa ba.

Kar kalar ta ruɗe ku fa. Ruwan lemon nan da yake da shi ba yawan cuku ne ya kawo ta ba, cuku da madara ake yinsa kuma madara fara ce, kalar daga wani ɗan itace take da ake kira annatto da kuma jan tattasai da ake sawa, a jikin kwalin ma an rubuta. Shi kansa cukun cheddar da suke ta ambato sunan wani ƙauye ne a yankin Somerset na Ingila, kuma asalinsa fari-fari ne mai ɗan ɗorawa. Dan haka in ka ga wani biskit ɗin da baka sani ba ya yi jawur yana ƙyalli kar ka ce ai wannan ya sha cuku, juya bayan ledar ka karanta jerin kayan haɗin, doka ce a jera su daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, in ka ga cuku na biyu ko na uku bayan fulawa da mai to da gaske ake, in kuma sai can ƙasa bayan gishiri da suga ka hango shi to ƙamshi ka saya.

Aibin Cheez-It guda biyu ne a wajena. Na farko yana maƙalewa a turamen haƙora, bayan ka gama sai ka bi da ruwa ko asuwaki. Na biyu kuma babba shi ne kwalin, leda ɗaya ce ƙatuwa a ciki, in ka buɗe ta shikenan ka buɗe duka, kuma zan dawo kan wannan dan a Kaduna ba ƙaramar magana bace. Ga kuma tsada, shi ne wanda in ka ga farashin a jikin kanta sai ka tsaya ka yi lissafin cefanen sati tukunna.

Goldfish kuwa na yara ne, kuma ba da raini na faɗa ba. A Suwizalan aka fara yinsa a 1958, wani mai kamfanin biskit Oscar Kambly ya ƙirƙiro, sai Pepperidge Farm ta kai shi Amurka a 1962. Siffar ɗan kifi gare shi, kuma da yake ba a huda shi ba sai ya kumbura a wajen gashi cikinsa ya zama holoƙo, kana cizawa ya fashe fus, ba nauyi ko kaɗan. Cukun a cikin kwaɓin yake kamar na Cheez-It amma an sassauta shi sosai, ba tsami ba ɗaci, maiƙon ma kaɗan ne dan ba ya ɓata yatsu kamar sauran. Babba in ya ci guda ɗaya ba zai ji komai ba sai ya cika tafin hannu ya watsa a baki, a nan ne zai ɗan jiyo gardin daga nesa. Amma ga yaro ɗan shekara huɗu ko biyar daidai ne, yana zama yana jera su yana ƙirgawa yana ci ɗaya-ɗaya, kin samu sararin gama girkinki. Sai dai ki shirya shara, dan duk wanda aka taka gari yake zama ya shige kafet.

Mini Cheddars na Jacob's ne daga Ingila, yayata ce ke taho mana da shi in ta zo hutu, daga baya na fara ganinsa jefi-jefi a shaguna. A nan ne muka raba gari da maigida, shi ya ce duk cikinsu wannan ne sarki, ni kuma na ce na biyu ne. Zagayayyu ne ƙanana, sun fi Cheez-It laushi sun fi TUC ƙwari, irin taunar da in ka danna da harshe a ganɗa zai watse a hankali. Cukunsa ya fi na kowa fitowa fili, har da ɗan ƙarni-ƙarnin nan na madarar da ta kwana biyu, wanda bai saba ba zai iya yamutsa fuska a cizon farko, wanda ya saba kuma shi yake nema. Abin da ya sa ban ba shi na ɗaya ba maiƙo ne, yana barin mai a yatsu da leɓe, kuma gashinsa bai kai ya ba da gardin da nake so ba, cukun ya danne wutar. Maigida ya ce "ke dai ƙauri kike so ba cuku ba", na ce ba ƙauri bane gardi ne, har yau ba mu daidaita ba. Amma akwai inda ya doke kowa, a ƙananan ledoji yake zuwa cikin babbar leda, kowace ɗaya cin mutum ɗaya a zama ɗaya, ka buɗe ka cinye ka yar, sauran suna nan a rufe iska bata taɓa su ba.

To wannan ya kawo ni kan abin da na ce zan dawo kansa. Duk wannan yabon da nake yi wa gardi da ƙaras-ƙaras, iska ce maƙiyiyarsa. Biskit irin wannan busasshe ne ƙarau, an gasa shi har kusan duk ruwan jikinsa ya fita, dan haka duk laimar da ke cikin iska zuƙewa yake yi. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, ba ka da matsala, ka bar leda a buɗe a kan tebur ka dawo gobe yana nan garas. Amma ku gwada haka a watan Agusta da ruwa ke kwana yana zuba a garin nan, ka buɗe Cheez-It da la'asar ka manta baka ɗaure ba, da safe ya yi sanyi ya zama lakwas, ka ciza ba ƙara, lanƙwasa yake yi, kuma abin mamaki har ɗanɗanon ma sai ya dushe ka ji gishiri kawai da fulawa. Goldfish ma haka, ledar takardarsa da ake naɗewa daga sama bata hana laima shiga. Shi yasa da damina in zan saya na fi karkata ga masu ƙananan ledoji, in kuma na ɗauko babban kwali to ina buɗewa nake juye shi a roba mai murfin da ke kamawa gam, ba na barinsa a ledarsa ko na dare ɗaya.

Wanda ya sha iska yana da magani. Ki shimfiɗa su a faranti ki sa a obin da wuta ƙasa-ƙasa na 'yan mintuna, ko ki ɗora busasshen kasko ba mai a kan wuta kaɗan kina juyawa, sannan ki sauke ki bar su su huce tukunna, sai sun huce ƙarfinsu ke dawowa, in kin taɓa da zafi zaki ji kamar basu yi ba. Ki tsaya a kansu fa, dan ƙanana ne kuma da mai a jikinsu, kina juya baya sun ƙone.

Wanda ba shi da magani shi ne wanda mansa ya tsufa. Wannan ya taɓa faruwa da ni a wani shago da ba zan ambata ba, na ga sun karya farashin wani kwali na ɗauka da murna, na zo gida na buɗe sai wani wari ya tarbe ni, warin tsohon mai, na ɗanɗana guda ɗaya ɗaci ya kama min maƙogwaro. Na koma da shi da rasit na ce wa yaron da ke kanta "Malam dan Allah wannan tun yaushe yake nan?" Ya ce "Hajiya ai bai yi esfaya ba, duba ki gani." Kuma gaskiyarsa ne, saura 'yan makonni a kwanan watan, amma da na kalli inda suka jera kayan sai na ga jikin gilashin gaba ne inda rana ke dukansu tun hantsi har la'asar. Zafi da haske su ke lalata mai, kayan da ya ratso teku a kwantena ya zauna a tashar Legas ya hau tirela ya taho Arewa sannan aka jera shi a rana, ba sai ranar da aka rubuta ta cika zai lalace ba. Manajan dai ya yi kirki ya canza min da wani abun. Dan haka ku dinga duba inda aka ajiye kaya ba kwanan wata kaɗai ba, ku miƙa hannu ku ɗauko na can ciki, in kwalin ya koɗe ko ya yi tabon mai ku ajiye shi, ku ɗan matsa ledar in kun ji iska na fita to ta huje. Sannan kayan Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, saɓanin yadda muka saba, kar lambobin su rikita ku.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba dan na san da yawanmu za su tambaya, wato halaccinsa. Mu nan in Fulani za su yi cuku da tumfafiya suke tsinka madarar, ba wata damuwa. Su kuwa can wani sinadari suke amfani da shi, wani daga cikin tumbin ɗan maraƙi ake samo shi, wani kuma ba daga dabba yake ba kwata-kwata, kuma sau da yawa a jikin leda ba a fayyace wanne aka sa ba. Malamai sun yi saɓani kan na dabbar da ba a yanka ta yadda shari'a ta ce ba, ni ba malama bace ba zan yanke hukunci ba, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da nake yi dai shi ne in duba ko akwai tambarin halal, in babu in duba ko an rubuta cewa masu ƙin cin nama za su iya ci, dan in an rubuta haka to ba na dabba aka sa ba. Kuma ku sani suna ɗaya na iya fitowa daga masana'antu daban-daban a ƙasashe daban-daban, TUC ko Ritz ɗin da ka saya wancan watan ba lallai daga ƙasa ɗaya yake da na wannan watan ba, haɗin ma kan ɗan bambanta, dan haka duba kowane fakiti da kansa, kar ka ce ai na taɓa dubawa.

Gishiri ma abin lura ne musamman ga masu hawan jini da iyayenmu tsofaffi. A jikin kwalin Cheez-It an rubuta guda 27, wato giram 30, na ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, miligiram 230, Goldfish kuma guda 55 na da miligiram 250. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce miligiram 2000 a yini, kusan giram 5 na gishiri kenan, kuma wannan har da na miya da magi da komai. Guda 27 ɗin nan ba wani yawa bane, kana kallon labarai kana ɗiba ka ninka shi uku baka sani ba. Ni zuba wa kowa nake yi a ɗan kwano in ɗauke robar, har Hajiya ma TUC ɗin nata ƙirga mata nake yi tunda likita ya ce ta rage gishiri.

Abin sha kuma, ni na fi jin daɗin Cheez-It da zoɓo mai sanyi wanda bai sha suga sosai ba, tsamin zoɓon yana wanke maiƙon ya bar gardin. Mini Cheddars da baƙin shayi mai citta yake tafiya, da shayi mai madara kuwa nauyi yake yi. In tafiya ce, misali za ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da yara, Mini Cheddars ko Goldfish a roba sun fi, Cheez-It ma yana jure jaka, TUC dai a bar shi a gida.

Wanda kuma ya ga duk wannan ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma ba abin kunya bane a wannan zamanin, akwai hanyar da nake bi da kayanmu na gida. Biskit ɗin Beloxxi ko Kemps ko na Nasco da ake yi a Jos, irin mara zaƙin nan, ba cuku a cikinsu amma gashinsu na da kyau kuma da yake ba daga nesa suka taho ba yawanci sabbi zaka samu. Ka sayi cukun nan mai kusurwa uku da ake naɗewa a takardar azurfa, irin su Laughing Cow, ka shafa siriri a kai. In kana son gardin ya fito ka fara ɗumama biskit ɗin a busasshen kasko ya ɗan yi ja, ka bari ya huce sannan ka shafa, ka barbaɗa yajin ƙuli kaɗan a sama. Ba zai zama Cheez-It ba dan cukun bai gasu da fulawar ba, amma ni na fi sonsa a kan Ritz mai kirim nesa ba kusa ba. A shafa a ci nan take, in ya jima cukun zai jiƙa biskit ɗin, dan haka ba na sa wa yara shi a jakar makaranta a shafe, biskit ɗin daban cukun daban a naɗensa, in an fita tara su shafa da kansu. Sauran cukun kuma a firij, in wuta bata zama a unguwarku ku sayi kaɗan-kaɗan wanda za ku cinye kafin ya lalace.